Matasa a Lokacin Annoba: Tambayoyin da Iyaye Suka Yi Ta Yi Min Tun Kullen Korona

Ni malamin sakandare ne a birnin Kano, kuma magidanci. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, biyu daga cikin 'ya'yana suna tsakanin shekara goma sha uku da sha bakwai. Don haka abin da zan faɗa na gan shi a aji, na kuma gan shi a tsakar gidana. Tun da aka koma makaranta iyaye ke tare ni, wani a bakin get, wani bayan an idar da magariba, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

An ce korona dattawa take kayarwa, ba ta cika yi wa yara illa ba. To ta ina ta taɓa matasa?

Haka ne, ƙwayar cutar ta fi tsananta a kan tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Yawancin matasan da ta kama sun warke, wasu ma ba su san ta shige su ba. Sai dai matakan da aka ɗauka don kare manya, a wuyan yara suka rataya. Cikin 'yan kwanaki aka rufe boko da islamiyya, aka hana ƙwallo, aka tashi majalisu, aka daina zuwa gidan kaka. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa da abin ya yi ƙamari, ɗalibai wajen biliyan 1.6 ne suka zauna a gida a ƙasashe fiye da 190.

A duba kuma shekarun da abin ya riske su. Tsakanin shekara goma zuwa sha tara ne yaro ke sakin zanin uwarsa ya fara neman sa'o'insa, yana gwada kansa a cikinsu, yana gano abin da ya iya. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum burki da hango ƙarshen al'amari, ba ya gama nuna sai an haura ashirin. Ga mai shekara arba'in, wata bakwai da makarantu suka yi a rufe ɗan guntu ne. Ga 'yar shekara sha huɗu kuwa, a cikin wata bakwai ake tsallakawa daga yarinta zuwa budurci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar, kuma mata da matasa ne abin ya fi shafa.

Cikin duk abubuwan da ake lissafawa, wanne ne ya fi tasiri?

Gidan da aka kulle yaron a ciki. Doka ɗaya aka kafa wa kowa, amma kowane gida da irin nasa. Wani kullen ya same shi a gida mai fili da janareta. Wani ya same shi a ɗakin haya, su tara, a watan Afrilu da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ba wuta, famfo kuma ya ƙafe. Wannan bambancin kowa na ganinsa. Wanda ba a gani, kuma a wurina ya fi nauyi, shi ne ko akwai babba guda ɗaya a gidan da yaron zai iya yi wa magana ba a daka masa tsawa ba. Na ga 'ya'yan masu hali sun dawo a birkice, na ga 'ya'yan talakawa sun dawo da hankalinsu a jikinsu. In ka bi sawu, sau da yawa a nan za ka tarar da dalili.

Mu Hausawa akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, balle ɗan fari da uwa ba ta ko ambatar sunansa. Amma tarbiyyar tamu ba ta bar yaro ba mafita ba. Ta ba shi kaka da yake wasa da ita, ta ba shi gwaggo da kawu da taubashi da malamin islamiyya. Yarinyar da ba za ta iya gaya wa uwarta wani na tare ta a hanya ba, gwaggo take gaya wa. Kulle ya toshe waɗannan ƙofofi lokaci guda, ya bar yaro da mutum biyun da aka koya masa ya yi musu kawaici.

Ni kaina na faɗa wannan ramin. Wata rana da azumi ɗana ya buga ƙwallo a tsakar gida ta kifar da kunun buɗa-baki. Na rufe shi da faɗa har na ce ya fita ya ba ni wuri. Ya je bakin zaure ya tsaya, idonsa ya ciko, ya ce, "Baba, ina zan je?" Ban sami abin cewa ba. A ranar na tuna mako uku ke nan muna wuni tare a gida ɗaya, ban tambaye shi yadda yake ji ba ko sau ɗaya.

Ai rufe makaranta hutu ne a wurinsu. Me suka rasa ban da karatu?

Makon farko hutu ne, kowa ya yi murna. Amma hutu na da daɗi ne saboda an san ranar komawa, wannan kuwa ba wanda ya san ranarsa. Jarrabawar WAEC da aka shirya farawa a watan Afrilu sai 17 ga Agusta aka fara ta. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a farkon Agusta, aka ba su 'yan kwanaki su ɗinke ɓarakar wata huɗu. Sauran azuzuwa sai a Oktoba. Waɗanda suka ƙwallafa rai ga jami'a suka tarar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na yajin aiki tun Maris, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Yaron da ya shirya ransa cewa bana zai gama, sai ya ga ana ta janye masa ranar. Na sha jin "Malam, to amfanin me?" daga bakin yaran da a da ba sai an ce su buɗe littafi ba.

Sannan makaranta ba allo da alli kaɗai ba ce. Ita ke tayar da yaro da asuba, ta sa shi wanka, ta sa shi tafiyar ƙafa, ta haɗa shi da abokai, ta gajiyar da shi har ya yi barci da wuri. A nan ne kuma wani babba wanda ba ɗan gida ba zai lura yarinya ta rame, ko ya ga shatar bulala a hannun yaro ya tambaya.

Darussan da aka riƙa yi a rediyo da talabijin ƙoƙari ne abin a yaba, wasu abokan aikina ma sun shiga ciki. Sai dai lissafi ba ya shiga ta kunne kawai, kuma ba a ɗaga wa rediyo hannu a ce "Malam, a maimaita." Wanda ke da yaya ko uwa mai karatu a gida ya amfana. Wanda ba shi da su, tazarar da ke tsakaninsa da sauran ta ƙara faɗi.

Maganar kuɗi da cefane ta manya ce. Ina ruwan yaro da ita?

Yaro na jin komai, ko da an rage murya. A Kano mafi yawan gidaje sai an fita ake ɗora tukunya. An kulle garin ranar 16 ga Afrilu, sannan Shugaba Buhari ya ƙara tsaurara kullen a jawabinsa na 27 ga wata. Daga baya aka riƙa sassautawa Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i don a yi cefane, amma wanda bai yi aiki ba da me zai yi cefanen? Ɗan adaidaita, mai shayi, tela, ɗan dako a Kwari ko Singa, duk suka zauna. Matashi ya ga uban da bai taɓa gani a gida da rana ba yana kwance a tabarma yana murɗa rediyo, ya ji cacar bakin da ke tashi da daddare kan kuɗin gawayi. Bayan an buɗe ma farashi bai sauka ba. A watan Maris na 2021 hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 23 cikin 100.

Akwai wani ɗalibina, yana cikin uku na farko a ajinsu. Da aka dawo sai ya koma kujerar baya, yana kifa kai a tebur tun darasi na biyu. Ranar da na karɓi littafinsa na ji warin fetur a jikin takardun. Ashe bumburutu yake sayarwa a bakin titi har sha biyun dare, domin keken ɗinkin babansu an sayar da shi lokacin kulle. Na ce masa karatunsa fa? Ya ce, "Malam, in na zauna karatu, ƙannena me za su ci?"

Kada a fahimce ni ba daidai ba: aiki ba ya lalata yaro. Waɗanda suka koyi ɗinki ko gyaran waya ko suka bi iyaye gona a watannin nan, da yawansu sun fi waɗanda suka wuni a kwance walwala. Abin da ke karya yaro shi ne a ɗora masa nauyin gida gaba ɗaya yana ɗan sha shida, ba ranar sauke shi.

Tsakanin 'yan mata da samari, wa ya fi shan wahala?

Kowa da irin tasa, amma ta 'yan mata ta fi wuyar gyara. Namiji ko da kulle yakan saci jiki ya leƙa lungu ya ga abokai. Mace tana ciki, kuma da yake kowa na gida, girki da wanke-wanke da raino suka ninka, a kanta suka sauka. Ita ce ta ƙarshen samun rediyo ko waya. Wasu an ƙara musu talla saboda gida ya matse, da duk haɗarin da ke tattare da ita. Wasu kuma da wanda ke cutar da su aka kulle su. Ƙorafin fyaɗe ya yi yawa a ƙasar har gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Yunin 2020.

Sai aure. Uban da ya ga 'yarsa zaune wata shida, ba ranar komawa makaranta, ga mai nema ya fito, ga biki ya yi araha tunda an hana taro, sai ya ga babu abin jira. Ba duka ne suka yi don rashin son boko ba, da yawa matsi ne. Amma sakamakon ɗaya ne. Ranar da aka dawo na kira suna a rajista, na zo kan wata yarinya mai son zama nas, shiru. Ƙawarta ta ce a hankali, "Malam, an kai ta ɗaki tun bayan babbar sallah." UNICEF ta yi gargaɗi a 2021 cewa annobar na iya jefa ƙarin 'yan mata miliyan 10 cikin auren wuri kafin ƙarshen 2030. Kuma an ga irin wannan tun kafin korona: a Saliyo, da aka rufe makarantu kusan wata tara saboda Ebola, ɗaukar ciki tsakanin 'yan mata ƙanana ya ƙaru sosai.

Samari kuwa ta wata hanyar abin ke fitowa. An hana su kuka tun suna ƙanana, sai ya koma faɗa, taurin kai, ko bin majalisar da ake shaye-shaye. Kodin da tiramol da sholisho sun riga korona zuwa, gwamnati ma ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018. Abin da zaman banza ya ƙara shi ne lokaci da rashin mai sa ido.

Almajirai fa? Ba a cika sa su a lissafi ba.

Ba a sa su, kuma su ne abin ya fi yi wa dukan kawo wuƙa. Almajiri cikinsa na rataye da gidajen unguwa da masu abinci a kasuwa. Da aka rufe ƙofofi, abincin ya yanke. A watan Afrilun 2020 gwamnonin arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka riƙa loda su a motoci tsakanin Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Bauchi da sauransu. Da aka gwada wasu aka samu suna ɗauke da cutar, sai sunan almajiri ya koma kamar sunan cutar kanta a bakin mutane. Ka ɗauki yaro ɗan sha uku da aka raba da malaminsa da abokan karatunsa cikin dare, aka killace shi a sansani, aka kai shi ƙauyen da ya bari tun yana ɗan shekara shida. An gwada jikinsa, amma ba wanda ya tambayi zuciyarsa. Da yawa kuma sun koma tsangayunsu da hanya ta buɗe, saboda abin da ya fitar da su daga gida yana nan.

Waya ta taimake su ne ko ta cutar da su?

Duka biyun, kuma ya danganta da abin da ake yi da ita da kuma lokacin. Yarinyar da ke hira da ƙawayenta a WhatsApp, suna turo wa juna tambayoyin jarrabawa, suna dariya, wayar ta zame mata taga. Wadda ke kwance tana shafa hotunan mutanen da ba ta sani ba har asuba, tana gwada rayuwarta da tasu, ko tana bin labarin wane ya mutu wane ya mutu, wayar na cin ta.

Babbar ɓarnarta a kan barci take. Matashi na buƙatar awa takwas zuwa goma. Jikinsa dama yana karkata ga yin dare a shekarun balaga, makaranta ce ke riƙe shi. Da aka cire makaranta, ga data ta fi araha da daddare, ga azumi, sai dare ya koma rana. Na taɓa fitowa wajen ƙarfe uku na ga haske a ƙarƙashin mayafin 'yata. Ban ƙwace wayar ba. Washegari muka yi yarjejeniya cewa bayan sallar isha da awa ɗaya duk wayoyin gidan, har da tawa, a ɗakin mahaifiyarsu za su kwana. "Har da tawa" ɗin nan ita ta sa dokar ta zauna.

Kada kuma a manta da yawan yaranmu ba su da wayar. Su damuwarsu ita ce an yanke su daga kowa.

Rufe masallatai da hana taruka ya shafe su kuwa? Ai matasa ba su damu da wannan ba.

Sun damu fiye da yadda ake zato. Azumin 2020 ya kama a tsakiyar kulle. Babu tafsiri a masallatai, babu asham a jam'i, a unguwarmu ko tashe ba a yi ba. An yi idi a Kano amma ba a yi hawan sallah ba. Ga babba wannan rashin ibada a jam'i ne. Ga matashi har da rashin haɗuwa: a hanyar asham ake ganin abokai, a yawon sallah ake nuna sabon ɗinki, ake karɓar barka da sallah a gidan dangi. Da waɗannan yaro ke gane shekara ta zagayo.

Amma a nan ne kuma na ga wasu gidaje sun tsira. Inda uba ya ja iyalinsa sallah, aka sa yaro ɗan sha biyar ya yi limancin asham da izu biyar ɗin da ya haddace, aka raba wa kowa aikin buɗa-baki, ranar ta samu tsari, yaron kuma ya ji ana buƙatarsa. Salloli biyar sun yi wa gidaje da yawa aikin da ƙararrawar makaranta ke yi.

Ɗana ya rasa kakarsa a lokacin. Bai yi kuka ba, ya ci gaba da harkarsa. Ba shi ke nan ba?

Ba lallai ba ne. A watan Afrilun 2020 Kano ta ga mace-mace masu yawa, har masu haƙar kabari suka yi ta magana. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne, wato kakannin yaran nan da malamansu. An yi jana'iza cikin gaggawa, an taƙaita zaman makoki, dangi na nesa ba su zo ba.

Mukan manta da yaro a wajen ta'aziyya. A gaisa da uba, a shiga wajen uwa, shi kuwa a aike shi ɗebo ruwa. In ya yi sa'a a ce masa "yi haƙuri." Alhali wataƙila kakar nan ita ce mutum ɗaya tak da yake gaya wa cikinsa. Baƙin cikin matashi yakan fito bayan watanni, ta fushi, ko ta faɗuwa jarrabawa. Ka ambaci marigayiyar a gabansa, ka ba shi labarinta, ku yi mata addu'a tare, ka ce masa kai ma kana kewarta. In ka buɗe maganar, zai san an yarda ya yi ta.

Yarona yakan ce cutar ƙarya ce, wata rana kuma ya tsorata. Me ya kawo haka?

Saboda haka ya ji daga manya. Rediyo na cewa a sa takunkumi, maƙwabci na cewa neman kuɗi ne, wani saƙon murya a waya na cewa ba ta kama baƙar fata. Rashin yardar mutanen Kano yana da tushe: ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba. Amma yaron da aka bari tsakanin maganganu masu karo da juna ya fi wanda aka gaya wa gaskiya shiga ruɗani. Matashi na iya ɗaukar gaskiya in an faɗa masa a natse: cutar na nan, ga wanda ta fi kamawa, ga abin da muke yi don kare Hajiya.

Yaya zan bambance rigimar balaga da ciwon da ke buƙatar magani?

Da tsawon lokaci, da kuma yadda abin ya hana shi rayuwa. Ɓacin rai na kwana biyu, rufe ƙofa, amsa magana a daƙile, wannan balaga ce. Amma in ya kai mako biyu ko fiye yaro ya daina jin daɗin abin da yake so a da, abinci ya fita ransa, ba ya barci ko ba ya tashi, ya guji abokai, ya daina wanka, yana cewa shi ba shi da amfani, to a tsaya a duba. Yaranmu ba kasafai suke cewa "ina cikin damuwa" ba. Sukan ce kai na ciwo, ƙirji na bugawa, wani abu na yawo a jiki. A je asibiti a gwada maleriya da taifot ba a ga komai ba, a dawo, a sake komawa. A irin wannan a gaya wa likita halin da yaron ke ciki a gida.

In kuwa ya ambaci mutuwa, ya ce gara ya huta, ko ya fara rabar da kayansa, kada a ce neman magana yake. A kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da magunguna daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta cusa masa tunanin. Sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaya.

Mun kai 'yarmu an yi mata ruƙiyya. Sai an haɗa da asibiti?

A yi addu'a, a kuma je asibiti. Ɗaya ba ta hana ɗaya, kamar yadda ba ma fasa kai mai karaya wajen ɗori don mun yi masa tofi. Abin da nake roƙo shi ne kada a yarda da duka, ko ɗauri da mari, ko turaren da ke shaƙe yaro, da sunan fitar da iska. Zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. A Kano akwai sashen wannan fanni a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Likitocin fannin ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka akwai layi, sai an daure. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sabuwar kuma ta tanadi kare haƙƙin marasa lafiya.

Yaran ƙauye da na Nijar su ma haka abin ya same su?

Da bambanci. A ƙauye kulle bai kama sosai ba, ga fili, ga damina ta faɗi, yara suka shiga gona. Kaɗaici bai dame su kamar na birni ba. Amma su ne suka fi rashin dawowa aji, domin wanda ya tafi ci-rani ko aka aurar, da wuya ya juyo. A Nijar an rufe makarantu a watan Maris amma aka buɗe ranar 1 ga Yuni, don haka zaman bai yi tsawon namu ba. Can ɗin rufe masallatai da dokar hana fitar dare ne suka fi tayar da ƙura, har matasa suka yi bore a Yamai da wasu garuruwa.

Shekaru sun wuce. Ba su manta ba?

Da yawa sun miƙe, yara na da saurin farfaɗowa in sun samu mai riƙe su. Sai dai a arewa ba a ba su sararin numfashi ba. Wata biyu da komawa aji, ranar 11 ga Disamba 2020, aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 aka yi na Kagara, sannan 'yan mata 279 a Jangebe. Jihohi suka sake rufe makarantun kwana. Yaron da ya fito daga tsoron cuta ya shiga tsoron 'yan bindiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayu 2023, a lokacin kuma mashaƙo na kama yara a Kano. 'Yan sha biyar na wancan lokacin yanzu sun haura ashirin, wasu iyaye ne. In ka ga ɗayansu na saurin karaya ko ba ya iya shirya wa gobe, ka tuna shekarun da aka yi ta rushe masa shiri.

'Yata ta bar makaranta tun lokacin, yanzu tana da aure da goyo. Akwai sauran hanya?

Akwai. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, wadda ba sai mutum na cikin makaranta ba, ana rajista a zauna. Akwai jarrabawar NABTEB ga mai sana'a a hannu. A Kano akwai Hukumar Ilimin Manya, wadda aka kafa tun 1980, tana da azuzuwan matan aure. Wanda ya haɗa takardunsa kuma zai iya shiga buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN yana karatu daga gida. Abin da ya fi wuya shi ne yardar maigida da samun mai riƙe jariri na 'yan sa'o'i, kuma a nan ke uwa ko kai uba za ku fi kowa amfani. Ku je ku same shi da mutunci, ku nemi wanda yake jin maganarsa in ya ƙi.

Yarinyar nan da aka ce min an kai ta ɗaki, bayan shekara uku ta zo makaranta da goyo a baya, mijinta na jiranta a waje a kan babur. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, takardar shaidar aji uku nake nema, zan yi rajistar jarrabawa." Muka shiga ofis muka buɗe tsohuwar rajista, na nuna mata sunanta inda na bar shi ban soke ba. Darasin halittu ne ya fi ba ta wuya, don haka duk Asabar takan turo tambayoyinta ta wayar mijin, in amsa mata bayan la'asar.